Hattara da mai tallan mariƙin madubin bindiga a Facebook

Salam 'yan uwa maharba, dan Allah duk wanda ya ga wannan ya tura ma na kusa dashi. Akwai wani shafi dake yawo a Facebook da guruf guruf na WhatsApp yana tallan mariƙin madubin hange, zoben nan guda biyu da ake ɗaure madubi dasu a saman bindiga, wai orijinal ne na kamfanin Leupold daga Amurka, kuma kuɗin ko rabin na gaske bai kai ba. Wlh ƙarya ne, ya riga ya wanke wasu daga cikin mutanenmu.

Inda zaka fara gane shi, duk bindigar da ka faɗa masa sai yace "zai hau oga, wannan yana shiga kowace iri". Babu wannan maganar. Yawancin bindigogin iska irin su Diana da Gamo da muke harbin zabi da kurciya dasu, layin dake samansu inda mariƙin ke kamawa siriri ne, milimita 11, shi kuma wanda ake kira Picatinny ko Weaver faɗinsa ya haura milimita 20, to ta yaya abu ɗaya zai kama duka biyun? Haka jikin madubin ma, akwai mai inci ɗaya wato milimita 25.4 akwai mai milimita 30. Wani ƙanenmu madubinsa mai inci ɗaya ne aka aiko masa da zoben 30, madubin na ta lilo a ciki, da ya kira sai mutumin yace wai ya naɗa masa salatif zai zauna. Salatif fa jama'a!

Na riƙe abun a hannuna. Fentin baƙi ne da farce ma kankare shi yake, sunan kamfanin an buga shi a karkace, notin kuwa ana sa alanki aka ɗan murɗa sai bakinsa ya cinye. Ba alminiyam mai kyau bane, irin narkakken ƙarfen nan ne da ake yi ma bindigar wasan yara. Kuma duk mai bindigar iska ta sifirin ya san yadda take girgiza gaba da baya, in mariƙi bashi da ɗan fil ɗin nan dake shiga ramin saman bindiga ya tokare, a hankali madubin zai dinga zamewa baya, ka saita yau gobe ka auna fakara harsashi ya tafi wani wuri daban, kai ta zargin madubinka ko hannunka alhali mariƙin ne. A daji kuma ba kai kaɗai bane, ga manoma ga makiyaya, harbin da baya zuwa inda aka auna ba abun wasa bane.

Wannan ma wanda aka aiko ma kaya kenan. Wasu yana ganin alat sai yace an bada webil a tasha direba zai kira, daga nan sai bulokin. Sunan dake akawun ɗin daban da na shafin, lambar waya kuma yana canzawa. Ni a ganina ya zaɓi maharba ne da gangan, ya san mutum in takardun bindigarsa basu cika ba bazai yarda ya doshi ofishin 'yan sanda da maganar ba, sai yayi shiru ya bar ma Allah.

In dole sai ka saya ta intanet, auna layin bindigarka da jikin madubinka tukuna, kace ya maka bidiyo yana auna zoben da hannunsa, kuma kar ka tura ko sisi sai kaya sun iso an gwada. Yana yawan canza sunan shafin amma hotunan basa canzawa, duk wanda yayi ciniki dashi ya ajiye sikirinshot da rasit ɗin turawa ya miƙa ma admin ɗin guruf ɗinmu, muna haɗa su ne mu kai ƙara tare.