Bitar Asabar kan sarrafa harkar siyasa a Accra: abin da ya cancanci kuɗinka da abin da bai cancanta ba

Ɗaya daga cikin makarantun gaba da digiri a nan Accra tana buɗe wasu zamanta na ranar Asabar ga mutanen waje, wato waɗanda ba ɗaliban digiri na biyu ba ne amma suna aiki da 'yan takara. Matasan Nima, Mamobi da Madina suna yawan tambaya ko ya dace su biya. Amsarmu ita ce e, amma saboda darasi ɗaya ne tak.

Darasin nan shi ne na aikin ejan, wato wakilin ɗan takara, a rumfar zaɓe. Malamin yana raba wa kowa kwafin takardar sakamako, wadda ake kira pinki, ya sa a cike ta layi bayan layi. Da farko lambobin littattafan ƙuri'a da aka kawo rumfa kafin a buɗe da ƙarfe 7 na safe. Sai yawan ƙuri'un da aka miƙa wa masu zaɓe, da waɗanda suka lalace kafin a jefa su, da waɗanda suka rage. Bayan an rufe da ƙarfe 5 na yamma, a ƙirga abin da ke cikin akwati a gwada shi da adadin mutanen da na'urar tantance yatsa ta amince da su. Idan na akwati ya fi, an yi aringizo ke nan, kuma a nan take ake faɗa, ba a cibiyar tattara sakamako ba. Ejan yana da ikon neman a sake ƙirga kafin a rufe akwati, in kuma ya ƙi sa hannu sai ya rubuta dalilinsa a kan takardar. Da yawa fushi suke yi su tafi ba su rubuta komai ba, daga baya lauya ya rasa abin riƙewa.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙarar da Nana Akufo-Addo ya kai Kotun Ƙoli bayan zaɓen 2012, wadda aka yanke ranar 29 ga Agusta 2013, a kan takardun nan ta tsaya: aringizo, zaɓe ba tare da tantancewa ba, da rashin sa hannun shugaban rumfa. A 2008 kuwa ƙuri'un da aka ƙi ƙirgawa a zagayen farko sun haura 200,000, alhali ratar da Atta Mills ya ci zagaye na biyu da ita ba ta kai 41,000 ba. Wanda ya gane wannan zai koya wa tsofaffin unguwarsu yadda ake dangwala yatsa da yadda ake naɗe takarda don kada tawada ta taɓa gurbin wani ɗan takara.

Zaman dokoki ma ba laifi, ko da yake a gurguje ake yinsa. Ana bayanin cewa dokar jam'iyyu ta 2000 ta hana karɓar gudummawa daga wanda ba ɗan ƙasa ba, kuma dokar 2019, da aka yi bayan rikicin zaɓen cike gurbi a mazaɓar Ayawaso West Wuogon, ta haramta ƙungiyoyin 'yan banga na jam'iyyu. Duk mai tara samari da sunan tsaron ɗan takara ya kamata ya ji wannan da kunnensa.

Inda bitar ta yi rauni shi ne darasin neman ƙuri'a. Fannin sarrafa harkar siyasa kansa daga Amurka ya taso, inda aka kafa makarantarsa a New York a 1987 kafin ta koma ƙarƙashin Jami'ar George Washington, kuma har yanzu misalan can ake kawowa: jerin lambobin waya, tallan Facebook, ƙwanƙwasa ƙofa gida-gida. A zango gida ɗaya yana ɗauke da iyalai goma, kuma ba ka shiga sai ka gaida mai gida. Babu wanda ya yi maganar sarkin zango, ko limamai, ko magajiyoyin kasuwa, ko majalisun ataya na samari, alhali ta nan magana take bi. Komai kuma da Turanci ake yi, ba a taɓa gwada yadda za a faɗi saƙon ɗan takara da Hausa ko Tuwi ba, balle Dagbani.

Shawararmu ga ɗan takarar majalisa ko na asambili: kada ka tura mai magana da yawunka, tura wanda zai shugabanci ejan-ejan ɗinka, mai haƙuri da lissafi. Ya tafi da biro, da kwafin rajistar rumfa ɗaya ta mazaɓarku, ya roƙi ƙarin takardun gwaji marasa rubutu. In ya dawo ya zaunar da sauran su cike har sau uku, ɗaya da gangan a sa kuskure a ciki a ga wa zai kama. A fita da wuri, don trotro daga Nima ranar Asabar ba ya saurin cika, darasin pinki kuma shi ake fara yi.