AspectJ ko matatar JADE: wanne ya dace da sauyi ana cikin aiki?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya yi tambaya: yana aiki da JADE, dandamalin Java na gina wakilai (ƙananan shirye-shirye masu aika wa juna saƙo). Babbar kwantenarsa, wato gidan da wakilan ke gudana a ciki, tana Yamai, ƙananan suna Tawa, rezo kuma yana yawan yankewa. Yana son ya riƙa kunna rajistar saƙonni, ɓoye bayani da sake turawa ba tare da ya tsayar da wakilansa ba. Wanne zai ɗauka?

Malam, waɗannan ayyuka ne da ke ratsa kowane wakili, shi ya sa kwafa su cikin kowane aji (class na Java) ke zama wahala. Hanya biyu ce a gabanka: AspectJ ko matatar (filter) JADE.

AspectJ, wani ƙari ga harshen Java wanda ya fito daga cibiyar bincike ta Xerox PARC a 2001, yana saƙa lambarka cikin jikin ajin. Ka tada Java da -javaagent:aspectjweaver.jar, ka jera abin da za a saƙa a aop.xml. Ƙarfinsa shi ne yana isa ko'ina, har cikin action() na kowace ɗabi'a (behaviour, wato guntun aikin da wakili ke gudanarwa). Amma saƙar lokacin loda aji ake yin ta, don haka sabon abu sai an sake tada kwantena. Abin da za ka iya ana cikin aiki shi ne ka saƙa tun farko, ka sa maɓallin kunnawa da kashewa. Wata matsalar kuma: ka sauya sunan aiki (method) ɗaya a lambarka, saƙar ta daina kamawa, shirin kuma ya ci gaba kamar lafiya lau. Mafi muni, idan wakili ya yi ƙaura da doMove() daga Yamai zuwa Tawa alhali saƙar ta ƙara wa ajin fili a gefe ɗaya kaɗai, kuma ba ka kafe serialVersionUID (lambar shaidar sigar ajin) ba, kuskuren InvalidClassException zai tare shi a hanya. Sannan kowane wakili zare (thread) ɗaya gare shi: lambar da ta tsaya jiran rezo ta tsayar da dukkan ɗabi'unsa.

Matata kuwa a bakin ƙofa take, ba ta taɓa ajin wakili. Ka rubuta hidimarka (service na JADE), ka gaji jade.core.Filter, ka cika accept(). Ka mayar da false, umurnin da ke wucewa ta matatar ya tsaya nan. Akwai jerin matatu na fita da na shiga. Iyakarta, abin da ya bi ta cikin dandamali kaɗai take gani. A kula: da ka sa -services don loda hidimarka, ka goge jerin hidimomi na asali, sai ka sake rubuta AgentMobilityService da NotificationService da hannunka, in ba haka ba ƙaura ta mutu.

Bukatunka uku duk na saƙo ne, don haka matata muke ba ka shawara. Jerin matakai yana da muhimmanci: idan za a matse saƙo don rage girmansa, a matse kafin a ɓoye, domin ɓoyayyen bayani ba ya matsuwa. Sake turawa kuma yana haifar da saƙo biyu idan amsa ce ta ɓace, ba saƙon ba. Mai karɓa ya ajiye reply-with (alamar da mai aikawa ke sa wa saƙo) na abin da ya riga ya gani, ya watsar da maimaici. Kada ka kunna ɓoyewa a Yamai sai Tawa ta tabbatar ta shirya buɗewa.

AspectJ ka bar shi don auna lokacin da ɗabi'a ke ci a cikin wakili.