Gadon hostel ko ɗakin haya a Samaru? Amsa ga ƙanwarmu sabuwar ɗaliba

Wata ƙanwarmu ta yi tambaya jiya: ta samu gurbin karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, ɓangaren kimiyya a Samaru, daga Gusau za ta taho, kuma Babanta ya bar mata zaɓi, ko ta nemi gado a hostel ko a kama mata ɗaki a cikin gari. Wanne ya fi? Na ga amsoshin da ake ba ta duk gajeru ne, wannan ya ce hostel, wancan ya ce haya, babu dalili. Ni na zauna a duka biyun, don haka bari in ɗan faɗaɗa miki, ƙanwata.

Mu fara da kuɗi, tunda shi Baba zai fara tambaya. Kowa ya san gadon hostel ya fi ɗakin haya araha nesa ba kusa ba, amma akwai abin da ba a cika lura da shi ba. Kuɗin hostel na shekarar karatu ne, duk yadda ta ja. Mai gidan haya kuwa watanni 12 yake ƙirgawa, ba ruwansa da ko ana karatu ko ba a yi. A 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu, ba a janye ba sai 14 ga Oktoba, watanni 8 cur. Kafin nan, na 2020 ya ci kusan watanni 9, ga kullen korona a kai. Ɗaliban da suka biya haya gab da lokacin sun rufe ɗakuna sun tafi gida, da suka dawo kuɗinsu ya kusa ƙarewa, sai ƙura da gizo-gizo suka tarar. Ba fata nake yi ba, Allah ya kiyaye, amma mai shiga jami'ar gwamnati a ƙasar nan dole ya saka wannan a lissafinsa.

Sannan kuɗin haya ba ya zuwa shi kaɗai. Akwai la'adar dillali, kuɗin wuta, kuɗin shara, a wasu unguwanni har da na 'yan sintiri. Ɗakin kuma wayam za a ba ki: katifa, ledar ƙasa, labule, fanka, tukunyar gas, duk a wuyanki. Idan kin samu ɗaki a cikin Samaru kusa da ƙofar makaranta, ƙafa ta isar miki. Idan kuwa ya kai ki Palladan ko wajen Kwangila, kullum sai kin hau Keke Napep ko bas, zuwa da dawowa, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin mota bai koma yadda aka san shi ba. Ko kin samu bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, Naira 20,000 ne na kashewa a wata. Ki cire kuɗin mota na kwana biyar ko shida a mako, ki ga abin da ya rage na cefane da hoton takardu.

Ruwa da wuta kuwa, a hostel makaranta ce ke ɗauke da nauyinsu. Za ki bi layin famfo da bokiti, musamman da asuba, kuma a sanyin Zariya na Disamba da Janairu wannan layin ba wasa ba ne. A gidan haya ya danganta da gidan da kika faɗa. Mai burtsatse da tanki ya fi tsada. Mai rijiya yana da daɗi da damina, amma idan bazara ta kankama rijiyar takan ja baya, sai ki koma jiran 'yan ga-ruwa kina sayen jarka.

To, ina ɗakin haya ya yi zarra? A sutura da natsuwa, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Ɗakinki naki ne. Ki kwanta lokacin da kika ga dama, ki kashe fitila ba wadda za ta ce tana karatu, ki dafa abin da ranki yake so, banɗaki kuma idan na cikin ɗaki ne ke kaɗai kike wanke abinki. Idan Mama ta zo duba ki tana da wurin kwana. A hostel babu wannan. Jami'o'in gwamnati kusan duka ɗalibai sun fi gadaje yawa, shi ya sa za ki ga ɗakin da aka rubuta wa mutum kaza ya ƙaru da 'yan raɓe, ƙawar wannan, 'yar garin waccan. Wata tana waya da saurayi har ƙarfe 1 na dare, wata ta jiƙa wanki kwana biyu a bakin ƙofa, wata ta ari cajarki ta zama tata. Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji Hausawa. Idan ke mai tsananin ƙyanƙyami ce, ko mai saurin fushi, watan farko zai yi miki tsawo.

Duk da haka hostel nake zaɓar miki a shekarar farko, kuma dalilina ba araha ba ce. Sabon ɗalibi ba karatu ne yake fara kayar da shi ba, rashin labari ne. An sauya ɗakin lakca, malami ya ce gobe ƙarfe 7 na safe zai yi gwaji, an liƙa jerin rukunin firaktikal, an buɗe rijistar wani kwas na kwana biyu kacal. Eh, ana sakawa a WhatsApp na aji, amma cikin saƙo ɗari na barkwanci da tallan atamfa sai ya shige miki. A hostel ɗin Amina ko Ribadu, inda mata suke zama, kafin ki gama alwala wata ta ƙwanƙwasa ta gaya miki. A nan za ki samu 'yar aji uku ta sashenku da za ta ba ki tsofaffin tambayoyin jarrabawa, ta faɗa miki wane malami ne ba ya yarda a shigo bayansa, wane kwas ne ake faɗuwa a cikinsa saboda raini. Wannan ilimin ba a rubuta shi a ko'ina.

Ga kuma lokaci. Ranar ɗalibin kimiyya a yayyanke take: lakca da safe, tazarar awa biyu ko uku, sannan firaktikal da rana. Mai hostel ta koma ɗaki ta yi Azahar, ta ci abinci, ta ɗan miƙe. Mai ɗaki a waje sai dai ta zauna gindin bishiya ko masallaci ta sayi abin da ta samu, don komawa gida asarar kuɗin mota ce. Idan jarrabawa ta matso bambancin ya fi fitowa. Ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da azuzuwan da ake karatun dare duk cikin makaranta suke, ku fita ku huɗu ku dawo ku huɗu. Yarinya mai zama a waje ba za ta so dare ya yi mata a hanya ba, ni ma ba zan ba ta shawarar haka ba, sai ta haƙura ta koma ɗaki, inda wuta ta ga dama ta zo ta ga dama ta ƙi.

Akwai abin da ban zata ba sai da na koma haya: shirun da nake nema bai ƙara mini karatu ba. A hostel idan na ga kowa ya ɗauki littafi ya fita, kunya kaɗai takan tashe ni. A ɗakina babu mai ganina, sai ni da waya, in ce minti goma, in ɗago kai an kira Isha'i. Haka ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, sai da na yi ta kiran waya kafin a samu mai zuwa, alhali a hostel 'yan ɗaki ne za su kama ki zuwa asibitin makaranta ko da kun yi faɗa da safe. Azumi ma ya fi sauƙi cikin jama'a, wata ta tashe ki sahur, a haɗa buɗa-baki a faranti ɗaya. Kuma a ɗaki ɗaya za ki zauna da Bayarabiya, da 'yar Binuwai, da Babarbariya daga Maiduguri. Wadda ta taso ba ta taɓa barin garinsu ba, wannan kaɗai karatu ne.

Idan kin kai aji uku ko huɗu, lokacin da kin san hanya, kin san mutanenki, ga aikin bincike na kammalawa yana son wurin baza takardu, to ɗakin haya yana da ma'ana, musamman ku biyu da wadda kika riga kika san halinta ku raba kuɗin.

Sai dai gadon ba a hannu yake ba. Ta shafin makaranta na intanet ake nema, kuma yana ƙarewa da wuri, don haka ki kammala biyan kuɗin rijista da zarar an buɗe, ki riƙa dubawa. Kada ki sayi gado a hannun wata ɗaliba, saɓa doka ne, idan aka gano ke za ki rasa kuɗin da wurin. In kuma bai samu ba dole sai haya, kada a biya ta waya. Baba ko wani yayanki ya zo ya ga gidan da idonsa, ya tambayi waɗanda ke ciki, ba dillali ba, yadda ruwa yake a watan Afrilu, ko mitar wuta ɗaya ce ake rabawa, ƙarfe nawa ake rufe ƙofar gida, da su wa ke zaune a sauran ɗakunan. A karɓi rasit, a rubuta ranar da haya ta fara da ranar da za ta ƙare.