Kafin ka sayi motar da za ka mayar ta shiga daji

Duk wanda ya taɓa ganin mota kwance kan jak shekara biyu, ƙura ta rufe ta, ya san aikin haɗa motar daji a gida ba ƙarancin ƙwazo ne ke tsayar da shi ba. Yawanci tun ranar saye aka shuka jinkirin. Hanya uku ce a gabanka: ka sayi tsohuwar mota mai jan ƙafa huɗu da ke tashi, ka sayi gawar mota ka fara daga shasi, wato ƙashin ƙarfen da jikin mota ke zaune a kai, ko ka karɓi aikin da wani ya bari a rabi.

Gawar mota ce ta fi jan ido saboda arha. Amma kowane noti da babu sai ka nemo shi, kuma kafin ka ji ƙarar inji sai ka gama walda, birki, tankin mai da wayoyi. Wata shida kana aiki babu abin nunawa. A nan zuciya ke mutuwa. In ba ka da rumfar da za ka bar kaya a baje, da injin walda naka, ka bar wannan hanya.

Aikin da wani ya bari kuwa, a ganina, shi ne mafi haɗari. Za a nuna maka sababbin tayoyi da sabon fenti, ba za a nuna maka dalilin da ya sa mai shi ya gaji ba. Wayoyin da ya yanke shi kaɗai ya san inda suka dosa. Waldar da ya yi a shasi ba ka san zurfinta ba. In ya sauya aksil, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da dama, ka tabbatar haƙoran giyar gaba da na baya lissafinsu ɗaya ne, domin in sun bambanta, ranar da ka sa ƙafa huɗu a ƙasa mai tauri wani abu zai karye.

Motar da ke tashi ta fi tsada, amma kana hawanta kana gyara. Yau sifirin, wata mai zuwa taya, kuma kowane sauyi za ka gwada shi a hanya kafin ka taɓa na gaba.

Sai zaɓen irin motar. Land Cruiser 70, wadda Toyota ta fara ƙerawa a 1984, tana da aksil ɗin gaba na ƙarfe guda, kuma injin dizal 1HZ mai lita 4.2 ba ya buƙatar kwamfuta kafin a gyara shi. Ba ya gudu, amma yana daɗewa. Tsohuwar Land Rover Defender, wadda aka daina ƙerawa a 2016, yawancin jikinta alminiyon ne, sai mai saye ya ga babu tsatsa ya saki jiki. Shasinta ƙarfe ne. Ka shiga ƙarƙashi da guduma ka ƙwanƙwasa, musamman ta baya. Suzuki SJ413 ba ta kai tan ɗaya ba, mutum biyu za su iya ɗaga yawancin kayanta, sai dai injinta mai lita 1.3 ba ya son manyan tayoyi.

Maganar taya ma a yi ta tun yanzu. Sauya taya mai tsayin inci 31 zuwa mai 35 ƙarin kusan kashi 13 cikin ɗari ne: mota za ta yi nauyin tashi, birki zai ƙara wahala, sai ka sauya haƙoran aksil gaba da baya, ka yanke gefen jiki don taya ta samu wurin juyawa. Saye ɗaya ya haifi aiki huɗu. Ranar da za ka je duba mota, ka tafi da tocila da guduma, kuma ka nemi a tashe ta inji na sanyi.