Final Fantasy Pixel Remaster ko Suikoden I & II: wanne za ka saka a Switch?

Idan yawa kake nema, Square Enix ta cika maka kwano. Tarin Pixel Remaster ya ƙunshi wasanni shida, daga na farko na 1987 zuwa na shida na 1994, kuma ya sauka a Switch, na'urar wasan bidiyo ta Nintendo, a Afrilun 2023. Kana iya kashe faɗan da ke tare ka a hanya ba zato, ka ninka maki har sau huɗu, ka zaɓi tsohon kiɗan Nobuo Uematsu ko sabon. Sai dai an cire ƙarin wuraren faɗa da aka saka a fitowar Game Boy Advance, tsohuwar na'urar hannu ta Nintendo, abin da ya ɓata wa tsofaffin hannu rai.

Tarin Suikoden na kamfanin Konami, wanda ya fito a Maris 2025, biyu ne kacal, amma labari ɗaya ne ya ɗinke su. Kana tara mutum 108, gidan sarautarka yana cika da maƙera, masu girki da 'yan caca. Idan ka gama na farko, sai ka kai ajiyar wasanka cikin na biyu, jarumin baya ya sake bayyana.

Mai ƙarancin lokaci ya sayi Final Fantasy VI shi kaɗai, tunda ana sayar da su ɗai-ɗai. Ni dai Suikoden II zan ɗauka.