Bayan aikin sa kai a jirgin ruwa: wane tsibiri ya dace ka je ka huta?

Masu aikin jinya da likitocinmu na nan Kebbi da suka fara leƙa aikin sa kai a jiragen asibiti irin na Mercy Ships, wannan naku ne. Wanda ya yi watanni yana kwana a gadon sama da ƙasa, ɗaki ɗaya da mutanen da bai taɓa gani ba, wanka ma a gurguje saboda ana tattalin ruwa, wlh in ya sauka bai kamata ya zarce Birnin Kebbi kai tsaye ba, don kana isowa 'yan sannu da zuwa za su cika gida, kowa da takardar asibitinsa a hannu wai ka ɗan duba mishi. Ka ɗan huta tukuna. Amma a ina?

Ni dai shawarata ka bar hotunan Instagram, ka fara duba fasfonka da kuma tashar da jirginku ya tsaya.

In a Freetown ta Saliyo kake, inda jirginsu Global Mercy ya iso a 2023, tsibiran Banana sun fi komai sauƙi. Mota za ta kai ka ƙauyen Kent, daga nan kwale-kwale mai inji, ba ka kai awa ɗaya a kan ruwa ba ka isa. Babu mota a tsibirin ko ɗaya, ƙafa ce kawai tsakanin ƙauyukan Dublin da Ricketts, ga kifi ɗanye daga teku zuwa wuta. Saliyo tana cikin ECOWAS, ba ruwanka da biza. Sai dai kar ka sa ran otal mai AC, masaukai ne ƙanana, wuta ta sola ce ko janareto, kuma ka riƙo kuɗinka na leone a aljihu tun daga gari. Yuli da Agusta ruwan sama ba ya ɗaga ƙafa a can, in lokacin ka sauka to ka haƙura da shi.

Cape Verde ita ma ECOWAS ce, tsibirin Sal akwai rairayi fari a Santa Maria, ga wani tafkin gishiri a Pedra de Lume da mutum ke kwanciya a kan ruwa bai nutse ba. Wurin na da kyau kam, amma kuɗinsu a ɗaure yake da Yuro, nairarka za ta sha wuya. Ka tafi da tikitin dawowa da shedar ka kama masauki, a filin jirgi ana iya tambaya. Sannan abinci, abincinsu na gargajiya cachupa sau da yawa akwai naman alade ciki, in kai Musulmi ne ka tambaya kafin ka kai loma, ko ka tsaya kan kifi abinka.

Zanzibar ta Tanzaniya ce kowa ke ambato, kuma gaskiya ta fi kwanciyar rai. Yawancin mutanen Musulmi ne, kiran salla na tashe ka da asuba kamar kana gida, ba sai ka yi ta binciken wa ya yanka ba, mace da hijabinta babu mai kallonta sau biyu. Da yamma ka fita Forodhani a Stone Town ana ta gashi a bakin ruwa, ka sha ruwan rake, washegari ka wuce Nungwi inda ruwan bai cika janyewa nesa ba, ka yi iyo in ka iya. Inda gizo ke saƙar shi ne biza. Mai fasfon Najeriya ba a ba shi a filin jirgi, sai ya nema tun da wuri ya jira amincewa, abin na iya cin makonni, don haka tun kana cikin jirgi da saura wata biyu ka fara. Ga inshorar dole ta dala 44 da suka sa wa baƙi tun Oktoba 2024, ga katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa, kar ka manta shi a kabad. Maris zuwa Mayu damina ce. Daga Freetown kuwa tafiyar doguwa ce sosai, za ka tsallake Afirka gaba ɗaya da gajiyarka, ta fi dacewa da wanda ya yi aiki a jirgin Africa Mercy can Toamasina ta Madagaska. Shi ma ɗin yana da Sainte-Marie kusa da shi, inda manyan kifayen whale ke zuwa daga Yuli zuwa Satumba, sai dai tsallakawar akwai igiyar ruwa, mai saurin amai ya shirya.

Tsibiran Canary fa? Turawan da kuka yi aiki tare za su yi ta zuga ka, da yake can ake yawan kai jiragen gyara. Ƙasar Sifen ce, bizar Turai ta Schengen ake so, ka ce musu su gaida gida.

In kuma kuɗin ya ƙare, wanda shi ne ya fi yawa tunda aikin ba albashi, kar ka ci bashi don hoto. Ka sauka Yauri ka kama masauki a gari ka kashe waya, da safe ka shiga jirgi zuwa gungu ka ci kifin Kwara ka dawo kafin la'asar. Don Allah ka sa rigar kariya, kuma in ka ga an yi wa jirgi lodin da ya wuce kima ka jira na baya, ba mu manta hatsarin jirgin ruwan da ya faru a Warrah a 2021 ba.