Ƙanƙarar bakin rufi: wayar zafi ko gyaran atik?

Ɗan'uwa, tsakanin wayar zafi (wayar lantarki mai ɗumi da ake shimfiɗawa a bakin rufi don narkar da ƙanƙara) da gyaran atik da kake tambaya don maganin ƙanƙarar bakin rufin gidan nan naka na Minesota a Amurka, ka sa kuɗinka a atik. Wayar ta dakata tukuna.

Zafin cikin gida ne ke sulalewa ya hau atik, wato sararin da ke tsakanin silin da rufi, ya ɗumama rufin ta ƙasa. Dusar ƙanƙarar da ke kwance a kai sai ta narke, ruwan ya gangaro. Da ya iso bakin rufi, wanda ya zarce bango kuma babu ɗumi a ƙarƙashinsa, sai ya daskare ya zama madatsa. Ruwan da ke biye ya rasa hanya, ya kutsa ƙarƙashin fale-falen rufin. Daga nan sai tabo a silin, fenti ya kumbura, bango ya yi funfuna.

Kwana biyu bayan an zuba dusa, ka fita bakin titi ka dubi rufin maƙwabta. Gidan da aka gyara atik ɗinsa za ka ga dusar kwance fari fat daga ƙololuwa har baki, kamar an shimfiɗa sabon zane, abin gwanin sha'awa. Na kusa da shi kuwa rufin ya yi dabbare-dabbare, ƙanƙara na reto daga indararo kamar takubba. Gas ɗin da mai gidan ke biya ne yake narkar da ita.

Farkon aikin shi ne toshe kafofin da iska mai ɗumi ke bi, kuma a nan mutane suka fi yin sakaci. A ɗaga abin tare zafin da ke shimfiɗe a kan silin a cikin atik, duk inda aka ga ya yi baƙi da ƙura, to iska na wucewa ta nan. Wuraren su ne kewayen murfin shiga atik, ramukan waya da na fayif, fitilun da aka binne cikin silin, da saman bangayen ɗakuna. Ƙananan ramuka kumfar feshi ta wadatar. Kewayen bututun hayaƙi kuwa kada kumfa ta je kusa, falankin ƙarfe ake sa wa da abin liƙi mai jure zafi. A duba fankar banɗaki ma: dole bututunta ya fita waje, domin a gidaje da yawa cikin atik take huro tururi.

Sai an gama toshewa ake ƙara abin tare zafi. A yanki mai sanyi irin naku ana so ya kai R-49 zuwa R-60 a ma'aunin ƙarfin tare zafi, wato kaurin inci 14 zuwa 18 idan selulos (niƙaƙƙiyar takarda) ake hurawa. Wanda ya zuba shi a kan ramukan da ba a toshe ba ya yi asarar rabin aikin, don iska za ta ratsa shi. Kuma kada ya toshe kafofin shan iska na ƙarƙashin bakin rufi; akwai faifan roba da ake kafawa tsakanin katakai don iskar waje ta shiga ta ƙasa ta fita ta ƙololuwa. Ƙa'idar ita ce ƙafa 1 murabba'i ta kafar iska ga kowace ƙafa 300 ta faɗin atik, rabi ƙasa rabi sama. Idan tsohon gida ne ka tarar da wasu 'yan tsakuwoyi masu ƙyalli, bamikulait ke nan, wani tsohon abin tare zafi, kada ka taɓa sai an gwada, yana iya ɗauke da asbestos, wanda ƙurarsa ke cutar da huhu.

Wayar zafi kuwa 'yar hanya kawai take buɗe wa ruwa a cikin ƙanƙarar. Mai arhar tana cin kusan wat 5 kowace ƙafa, ƙafa 100 ke nan yunit 12 a kwana guda idan aka bar ta kunne, kuma idan ta hau kan junanta tana iya ƙonewa. Tana da amfani a kwarin rufi ko inda babu atik ɗin da za a shiga, shi ke nan.

Ka yi hattara da masu ƙwanƙwasa ƙofa bayan dusa mai yawa. Wasu za su ce da tururi za su cire ƙanƙarar, alhali injin feshin ruwan zafi mai ƙarfi ne a motarsu, wanda ke kankare tsakuwar fale-falen. Ka ce su nuna maka injin da takardar inshora, kuma kada ka ba da kuɗi kafin aiki. Duk wanda ya ce zai ƙara maka abin tare zafi bai hau ya duba ramuka ba, ka sallame shi.

Na wannan hunturun, ka sayi manjagarar rufi mai dogon hannu. Duk lokacin da dusa ta kai inci 6, ka janye ƙafa 3 zuwa 4 na bakin rufin kana tsaye a ƙasa, nesa da wayar lantarki. Idan madatsar ta riga ta yi, ka cika doguwar safa da kalsiyam kulorayid, sinadarin narkar da ƙanƙara, ka ɗora ta a tsaye ta gitta ƙanƙarar har bakin indararo. Ban da gishirin titi, ban da gatari. Sannan ka kira masu awon zafin gida su zo da fankar da ake kafawa a ƙofa don gano inda iska ke sulalewa, da kyamarar gano zafi, tun ana cikin sanyi, lokacin da ramukan suka fi fitowa fili.